Katakon Ghali

Ranar Juma'ar nan Ghali ya dawo daga sallar asuba ya koma barci, kamar yadda ya saba. Da hantsi ya sha shayi a tsaye, yana tsokanar mahaifinsa, Malam Inuwa, tafinta a ofishin jakadanci.

"Baba, wannan rigar taka ba fara ba ce, gajiya ta yi."

"Tafi can, ɗan fenti. Kai komai sai ka raɗa masa suna."

Da aka sauko daga masallaci ya ci tuwon mahaifiyarsa, Hajiya Azumi. Kafin la'asar ya ɗauki wani katako da 'yan gwangwanayensa, ya fita.

Haɗa fenti ne aikinsa, a wani shago a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad. A Riyad aka haife shi, Larabcinsa ma ya fi Hausarsa. Launi ɗaya ne ya gagare shi: na wani dutsen yashi da ke tsaye shi kaɗai a hamada, yamma da gari. Da safe kamar zuma yake, da rana fari kamar ƙashi, da yamma ja kamar garwashi. Duk Juma'a Ghali yakan zauna a gabansa, ya haɗa abin da ya gani, ya ja layi a katako. Kafin ya ɗaga kai dutsen ya sauya.

A hanyar dawowa motarsa ta kife. Sai bayan isha aka gan shi, rai ya riga ya yi halinsa, babu wanda ya san lokacin da abin ya faru.

Azumi ba ta yi kururuwa ba. Tambaya ɗaya take ta maimaitawa: "Malam, ya samu magariba?"

An kawo musu katakon daga cikin motar. Layin ƙarshe wani launi ne da Inuwa bai taɓa gani ba, kamar toka mai sauran wuta a ƙarƙashi.

Wata Juma'a Inuwa ya ɗauki katakon ya tafi wurin dutsen. Layin la'asar ya yi daidai. Jan ma ya zo, ya wuce. Rana ta faɗi, Inuwa ya zaci shi ke nan, sai duhu. Can sai dutsen ya rikiɗe ya koma launin nan sak, na ɗan lokaci kaɗan. Wato magariba ta iske yaron a nan.

Ya juya neman inda zai yi tasa sallar, sai ya ga 'yan duwatsu a jere suna nuna alƙibla. A kan ɗaya akwai shaidar yatsa, da fenti mai launin toka.

"Ya samu," ya ce wa Azumi da ya koma gida.

Kayan sawar Ghali aka raba wa ma'aikatan shagon. Burusai da gwangwanaye Maulud abokin aikinsa ya ɗauka. Katakon kuwa Azumi ta jingine shi a ɗakinsa, kusa da taga. Inuwa ba ya shiga ɗakin idan rana ta faɗi.