Makon da Turmi Ya Koyi Ladabi

Ku gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, da hannuna na aikata ta, Allah Ya yafe mini rabin.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, mai sayar da dabino a kasuwar Dutse. Tun muna ƙanana nake ce masa bawana, shi ma yake ce mini baiwarsa, ba wanda ya taɓa sallamawa. Mutumin kirki ne, sai dai in aka ba shi riƙon akuya, kafin la'asar ya fara tafiyar mai garke. Akwai wasan kwaikwayo da ake yi a rediyo lokacin, na wani da aka ba ɗan muƙami ya kumbura. Taubashina ya fi kowa son sa. Yakan yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce wallahi da mai unguwarmu suke. Daga nan na gane zambon da aka aiko daga nesa ba ya samun mai shi, maƙwabci yake miƙa wa.

Shekarar da shari'a ta zo, kowa ya yi murna, har da ni. A ƙauyenmu na hanyar Miga dattawa suka zaɓi mutum huɗu su riƙa lura da bukukuwa, kada maza su cakuɗa da mata. Taubashina na ciki. Ni kuwa ina da ƙoran kiɗa guda uku da na gada wurin uwata. Babbar ake kifawa a ruwa, in na taɓa ta har tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ta gyara ɗaurin zani. Ranar wani suna, muna cikin gida, mata zalla, ko zakara babu, taubashina ya tsaya a zaure ya aiko a karɓe su. Ya ce duk bugun da ke sa mace ta motsa kafaɗa an hana. Ya zuba su a buhu ya tafi da su gidansa.

Matan suka ce in je in zage shi, ai taubashina ne, zaginsa halal ne a gare ni. Na ce a'a. Zagi zai ba shi abin riƙewa.

Washegari da hantsi na sa mayafi, na same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa cikin maza. Na durƙusa har ƙasa.

"Allah Ya gafarta Malam, an tashi lafiya?"

Ya dube ni kamar wanda ya ga kura da carbi. Shekara hamsin bai ji wannan daga bakina ba. Na ce tambaya na kawo, ni jahila ce, ina tsoron saɓo. Lugude fa, wanda mata ke yi da taɓare a turmi ɗaya, har da tafi, ai kafaɗa na motsi. Ya dubi mazan, ya gyara murya, ya ce a daina shi. Na ce to dakan mutum biyu, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, shi ma yana ba da amo. Ya ce kowace ta yi nata. Na ce ko mace ɗaya ce, in hannunta ya saba, sai ka ji kamar ana kiran rawa. Ya ce to a yi a hankali, da ladabi. Na yi godiya, na roƙi Allah Ya ƙara masa sani.

Kafin azahar na zaga gida bakwai ina koya wa mata dakan ladabi. Ki ɗaga taɓarya, ki sauke ta kamar mai kwantar da jariri. Ki jira. Ki sake saukewa sau biyu, ki kuma jira, don kada bugun ya jeru. Abu ɗaya na gargaɗe su: kada wadda ta yi murmushi. Wadda dariya ta ci ƙarfinta ta shiga ɗaki ta cusa fuska a filo. Matar taubashina ce ta fi kowa iyawa, baiwar Allah, har bismilla take yi kafin kowace saukewa.

Ƙauyen ya yi tsit. Furar azahar ba ta fito ba sai bayan la'asar, da tsakin gero a ciki kamar yashi. Tuwon dare kuwa ba a magana.

Kwana na biyu muka fara zuwa wurinsa da layi. Wata ta tambayi hukuncin buga rariya a tafin hannu wajen tankaɗe. Wata ta tambayi bubbuga bayan jariri, don ita in tana yi har kanta kan kaɗa. Mai wanki ta zo da tambayar bugun zani a kan dutse. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta, ta ce ita kaɗa nono ba ya yiwuwa sai da kafaɗa, shin ta daina ko ta ɗaure kafaɗar? Kowace ta durƙusa, kowace fuska a murtuke. Shi kuma ba dama ya kore mu, tunda neman sani muka zo, ba dama kuma ya ce an halatta, tunda maganarsa ce muke bi sawu da ƙafa. Mazan da ke zaune suka fara tari, wani ya tashi ya ce zai duba jakinsa, alhali ba shi da jaki.

Ranar Alhamis liman ya kira taubashina. An ce mini ya tambaye shi wane littafi ne ya ambaci turmi, kuma wa ya aike shi cikin gidajen mata. Liman ma kwana huɗu yana tauna fura.

Da yamma na ji sallama a zaure. Ga shi da buhu a kafaɗa, ba rakiya.

"Ke baiwa, karɓi tarkacenki."

"Malam ya yi bincike ke nan?"

"Ki daina ce mini Malam, don girman Allah. Ki zage ni in huta."

Ya ce sharaɗi ɗaya, a yi a cikin gida, mata zalla. Na ce madalla da wannan sabon tsari, ban tuna masa haka muke yi tun kafin ya yi gemu ba. Da na buɗe buhun na tarar ƙaramar ta tsage a baki. Na mayar masa, na ce gobe in ya je Dutse ya kai wa masu ɗinkin ƙwarya. Ya karɓa, sannan ya roƙe ni kada in sa shi a waƙa. Na rantse masa ba zan faɗi aibinsa ko ɗaya ba, kuma ban faɗa ba. Yabonsa na yi, baiti shida, a sunan farko da ya biyo baya.