Allon da Ya Raba Ƙanena da Ƙararrawa

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara goma sha biyar, ina aji uku a ƙaramar sakandare, kuma duk ƙauyenmu babu wanda ya kai ni iya tsara zance. Baba yakan ce idan aka aike ni kasuwar Minjibir, bakina yana riga ƙafata isa da rabin yini. Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina maƙaryaci ba. Abin da na ƙware a kai shi ne in faɗi gaskiya a karkace, in bar mutum ya ruɗi kansa da kansa. Wautar da zan ba ku labarinta ma kalma ɗaya ce tak na faɗa wa Inna: allo.

A bakin titi, tafiyar kamar minti ashirin daga gidanmu ta cikin gonaki, akwai gidan kallon ƙwallo. Zana ce aka kewaye, aka ɗora kwano a sama, sai bencuna da wani janareto mai tari kamar jakin da mura ta kama. A ƙofar an jingine baƙin allo, inda mai gidan kallon yake rubuta wasannin ranar da alli. Manyan wasannin Turai kuwa, kamar da gayya, sai daren Talata da Laraba ake buga su, bayan Isha'i, ga makaranta da safe. Baba kuma ya kafa doka cewa duk daren da gobe akwai makaranta, babu mai fita sai wanda karatu zai je.

Ina da ƙane, a lokacin shekararsa goma, yana aji biyar a firamare. Yaro ne shiru-shiru, wanda idan ka ba shi ajiyar gyaɗa zai dawo maka da ita har da ɓawon. Saboda wannan hali hedimasta ya ba shi aikin buga ƙararrawa. Ba wata ƙararrawar a zo a gani ba ce, ƙarfen cikin tayar mota ne aka rataye a darbejiyar makaranta, ana dukansa da guntun rodi. Amma ƙanena ya ɗauki rodin nan kamar sandar mulki. A ƙarƙashin tabarmarsa yake kwana da shi. Yana da bugunsa na kansa, uku a jere, ya ɗan tsaya, sannan biyu. Mai kokon unguwarmu da bugun nan take sanin lokacin kwashe kaya, Inna kuwa duk safiya sai ta ɗaga kai daga shara ta ce ga ɗanta can. Sharaɗi ɗaya hedimasta ya gindaya a gaban 'yan makaranta: ranar da ya makara karo na uku, zai miƙa rodin.

Wani daren Talata na sami Inna tana gyaran wake, na marairaice. Na ce yaron nan karatun Turancinsa da sauran gyara, ga shi kuma akwai wani allo a bakin titi da ake rubuta Turanci, matasa suna taruwa a gabansa da daddare. Ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki. Inna da ta ji an ce allo, sai ta hau sa mini albarka, ta ce dama ta san akwai ranar da zan yi hankali. Ita ta shawo kan Baba. Har ƙuli-ƙuli ta ƙulle mana, wai kada yunwa ta hana karatu shiga.

Don Allah kada ku ɗauka yaron bai ji daɗi ba. Daren farko ya tsaya a gaban allon ya karanta sunayen ƙungiyoyin tiryan-tiryan, wani mahauci da bai yi boko ba ya ɗaga shi sama, ya ce daga yau shi ne Sakatare. Sunan ya bi shi. Duk wanda ya zo sai ya ce Sakatare, wa da wa yau? Ran da masu jar riga, ƙungiyar da nake mutuwar so, suka zura ƙwallo ana dab da tashi, na ga ƙanena a kan benci yana tsalle yana ihu, abin da tun da aka haife shi ban taɓa gani ba. Na rantse ihun daren nan sai da ya tashi kaji har can garin Kunci. A hanyar gida muna tafe muna maimaita ƙwallon da busasshen kwalshin goruba. Har yau ba na jin cewa wannan farin cikin laifi ne. A ƙauye irin namu, idan rana ta faɗi, abin da yaro zai yi murna da shi bai da yawa.

Matsalar ita ce sai wajen sha ɗaya muke shiga gida, da asuba kuma Baba ya tashe mu salla. Ni na saba, a aji nake rama barcina, ido buɗe, har malamin lissafi yana yaba nutsuwata. Shi kuwa jikinsa bai ɗauka ba. Ya makara sau ɗaya, aka yi masa kashedi. Bayan sati uku ya sake. Daga nan ya ce mini shi ya daina zuwa. Na ce idan ya daina, ni ma an rufe mini ƙofa ke nan, ga shi masu jar riga sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Na lallashe shi, na yi masa alƙawarin cewa da an tafi hutun rabin lokaci za mu taho. Ya sa na rantse, na kuwa rantse har da ɗaga yatsa.

Aka tafi hutu babu wanda ya ci. Ya ja rigata ya ce Yaya, lokaci ya yi. Na ce ya bari a dawo mu ga minti biyar. Minti biyar ɗin nan ta haifi 'ya'ya da jikoki. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, daga nan sai fanareti. Sau huɗu yana jan rigata, a na ƙarshe ko juyowa ban yi ba, na ce in yana sauri ga hanya nan. Na san sarai ba zai iya ratsa gonakin nan shi kaɗai ba, saboda karnukan rugar da ke gefen hanya. Da aka gama, masu jar riga suka sha kashi, na waiwaya na same shi ya yi barci a kan takalman mutane. A bayana na goyo shi har gida.

Da safe, saboda tsoro, bai yarda ya koma shimfiɗa bayan salla ba. Ya sa kayan makaranta tun gari bai gama wayewa ba, ya ɗauki rodinsa, ya zauna a bayan rumbu yana jiran haske. Bazara ce, kun san iskar asubarta. Inna ta ɗauka ya tafi, ni ma haka. Ina wanke fuska sai na ji ƙararrawa, amma wani irin bugu barkatai, kamar ana fasa ƙwarya. Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Sai ga shi ya fito daga bayan rumbu a guje, rodi a hannu, ƙafa ɗaya babu takalmi. Wata yarinya 'yar ajinsu ce ta ga lokaci yana wucewa ta ɗauki dutse ta buga.

Ban je makarantarmu ba ran nan, na bi shi don in ba hedimasta haƙuri. A hanya na shirya zance mai kyau, har da ciwon ciki da maciji a ɗaki. Ina buɗe baki ya ce in adana yawuna, ai yana bencin baya jiya, kuma da idonsa ya ga Sakatare yana jan rigata. Ya ce shi ma mai jar riga ne, shi ma bai yi barcin kirki ba, amma shi babba ne, shi ya kai kansa. Yaron kuwa kai shi aka yi. Na ce to ni a hukunta ni. Ya ce ba ni ya ba rodi ba, kuma maganar da ya faɗa a gaban yara ba zai janye ta ba. Ƙanena bai yi kuka ba. Ya goge rodin da gefen rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

A gida na faɗi komai. Baba bai dake ni ba, na so a ce ya daka. Inna ce kawai ta tambaye ni, a hankali, ko ƙuli-ƙulin yana isarmu.

Abin da na gane shi ne, ni ban kai ƙanena kallo don shi ba, na kai shi ne don ya zame mini makullin ƙofa. Masu ɗaukar ƙanne ko 'ya'ya zuwa kallo, ba na ce ku daina ba, don na ga yadda fuskar yaro take haske a wurin. Amma akwai wasannin Asabar da ake yi da rana tsaka. Idan kuma daren makaranta ne, kuka ji ƙaramin hannu yana jan rigarku, ku tashi, ko da an ajiye ƙwallo za a buga fanareti.

Ƙanena ya gama firamare bara, ba a mayar masa da rodin ba. Yarinyar nan ce ta riƙe shi har suka fita. Shi ya koya mata bugun, uku a jere, a ɗan tsaya, sannan biyu.