Abdul-Jalil Haladu: Mun Sha Zoɓonsa, Mun Ƙi Jana'izarsa

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Abdul-Jalil Haladu a ɗakin girkin gidansa da ke Umm Salal, kusa da Doha. Matarsa Raliya ce ta dawo daga makarantar renon yara inda take aiki, ta same shi zaune a ƙasa, ya jingina da firij, matacin zoɓo a kan cinyarsa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Shekararsa arba'in da huɗu. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, wanda ya je jana'iza da wanda ya ƙi zuwa.

An sallace shi washegari bayan la'asar a maƙabartar Mesaimeer. Mijina ya je, ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba. Na tambaye shi yaya aka yi. Ya ce sahu ya cika, amma da baƙi, mutanen da suka zo don wasu mamatan suka haɗa da namu. Bahaushe kuwa biyar ya ƙirga, har da shi. A zauren WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Doha mun haura ɗari uku.

Jalilu, na so in rubuta maka ta'aziyya irin wadda aka saba, mai sanyi, wadda za a karanta a ce Allah Ya jiƙan rai a wuce. Na gwada sau uku na yaga. Ka yi haƙuri da yayarka, ka san halina.

Bari in faɗi abin da ake ta raɗa a kansa, don kada wani ya zaci ɓoyewa nake yi. Abdul-Jalil ma'aikaci ne a ɗakin cin abinci na wani otal, irin wanda aka ba izinin sayar da giya ga baƙi. Aikinsa a shekaru shida na ƙarshe shi ne ya tsaya a kan teburin mutum, ya ji abin da zai ci, ya gaya masa jar giyar inabin da za ta dace da abincin. Wannan gaskiya ne. Na san hukuncin hakan a addini, shi ma ya sani, ya ma fi ni jin nauyinsa, domin shi ne mai ɗauka. Ban zo halatta abin da Allah Ya haramta ba. Na zo in tambayi waɗanda suka yanke masa hukunci yana kwance a makara, ina suke lokacin da yake yawo da takardunsa yana neman mafita.

A 2013 ka zo ƙasar nan aikin gadi. Kwangilar kamfaninku ta ƙare, aka mayar da ku otal, ka fara da wankin kwanuka, daga nan ɗaukar faranti. Ka ba mu labarin ranar da abin ya soma, a falonmu na Al Mirqab, kana murza hularka. An buɗe wata kwalba za a kai wa baƙo, ka wuce ta kusa, ka ce wa shugabanku wannan ta lalace, tana warin jiƙaƙƙen kwali. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya dube ka. Tun daga ranar hancinka ya zama ƙaddararka. Mahaifiyarka mai sayar da kayan yaji ce a kasuwar Funtuwa, a cikin citta da kanumfari da masoro ka tashi, ba wanda ya gaya maka wata rana za a ɗauki wannan baiwa a kai ta inda ba ka so.

Ni ba na iya riƙe tambaya. Na ce, "Jalilu, tsakaninka da Allah, ka taɓa sha?"

Ka ce, "Yaya Safiya, ko ɗigo. Ina shinshinawa, ina karanta bayan kwalba, sannan ina kallon farantin mutum in ya tashi. Idan ya cinye naman ya bar kofin, na yi kuskure. Idan sun ƙare tare, na dace."

Na ce to ai ka zama malami a fannin da ba ya da lada. Ka yi dariya, idonka bai yi ba.

A ranar ka yi mana bayanin aikin, kuma ban manta ba, don na ga mutum mai hankali an ajiye hankalinsa a mugun wuri. Ka ce nama mai kitse, irin haƙarƙarin rago da ya daɗe a wuta, yana son abin sha mai bauri, wanda zai kankare maiƙon daga harshe, loma ta biyu ta zo kamar ta farko. Abinci mai yaji ba ya son mai ƙarfi, wuta ce a kan wuta, sai mai sauƙi mai ɗan zaƙin 'ya'yan itace. Miya mai tumatir tana son mai ɗan tsami, in ba haka ba ita za ta danne shi. Ka ce tsada ba ɗanɗano ba ce, suna ake saye. Baƙo zai nuna kwalbar da ke saman takarda don kada a raina shi a gaban matarsa, kai kuma ka sunkuya ka nuna masa wata a can ƙasa, 'yar Chile ko 'yar Potugal, ka ce wannan ta fi dacewa da abin da za ka ci. Shugabanku ya sha kiranka ofis a kan haka. Ka ce masa ba za ka haɗa laifi biyu ba, ga miƙa kofi ga cutar mai kofi.

Sau uku ka nemi a mayar da kai sashen da ba a taɓa kwalba. Sau uku aka ce babu wanda zai maye gurbinka. Ka buga takardunka ka bi gidajen manyanmu, likitoci da injiniyoyi da masu aikin gas, kana neman ko da tsaron sito ne, ko tuƙi. Ni da kaina na miƙa takardarka a jami'ar da nake koyarwa, aka ce babu gurbi, ban sake bi ba, wannan kuma yana wuyana. Amma akwai waɗanda kalma ɗaya tasu ta isa. Sun karɓi takardar, sun ce za mu duba insha Allahu, sun ɗora kofin shayi a kanta.

Abin da suka karɓa da hannu biyu shi ne zoɓonka.

Wa ya taɓa yin suna ko walima ko buɗa-baki a Doha a shekarun nan bai kira Jalilu ba? Kafin kai, zoɓo ɗaya muka sani, a tafasa a zuba sukari da ɗanɗanon kanti a sa ƙanƙara. Kai ne ka fara tambayar uwargida, "Me za a dafa?" kafin ka ɗora tukunya. In farfesun ƙafar sa ne ko gasasshen rago, sai ka yi baƙin zoɓo mai kauri, ka bar shi da baurinsa, citta da kanumfari da kimba kaɗan, sukari kamar ana rowa. In masa ce da miyar taushe, ja mai haske da ɓawon abarba. In shinkafar Larabawa ce mai busasshen lemo, ka sa na'a-na'a ka rage tsami. Ba ka sayen mai tsada da ake jerawa a kwalaye. Wurin wani ɗan Sudan kake zuwa a kasuwa, ka sayi karyayyen da ya taru a gindin buhu, ka ce launi ɗaya ne, ƙamshi ɗaya ne, kyan ido kawai ya rasa. Ba ka taɓa sa wa kowa farashi ba. A kawo kayan haɗi, in an manta ma ka sayo.

Duk mun san inda ka koyi wannan haɗin. Babu wanda ya taɓa ture kofi saboda haka.

Da sanarwar rasuwarka ta shiga zaure, ba a yi minti ashirin ba wani ya rubuta, "Wai ba shi ne mai aikin giyar nan ba? Ya halatta a sallace shi?" Malamin da ke yi mana karatu ranar Asabar, Allah Ya saka masa, ya amsa nan take cewa Musulmi ne mai salla, jana'izarsa haƙƙi ce a kanmu, hisabinsa na Ubangijinsa ne. Amsa ta fito sarai. Amma tambayar ta riga ta yi aikinta. Sai ga uzuri na zubowa: wannan yana bakin aiki, wancan motarsa na gareji, wani yaro ba lafiya. Wani babba a cikinmu, injiniya, ya aiko da saƙon murya cikin natsuwa irin ta masu ilimi, ya ce shi ba ya hana kowa, amma ya kamata a bar abin ya zama izina ga matasa.

Ba zan kira sunansa ba. Sai dai abokin aikinka Haruna, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka ɗauki makararka, ya gaya wa mijina cewa wannan injiniyan ya sha kawo Turawan kamfaninsu cin abinci a otal ɗin. Yakan yafito ka, ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, "Zaɓa musu wadda ba za ta kunyata ni ba, kuma kada ta yi tsada." Ka zaɓa. Baƙinsa suka yaba, ya fita kunya. Shekara shida ba ka gaya wa kowa ba, ko Raliya. Kai ka rufa masa asiri. Ni ba ni da halinka, iyakar abin da na iya shi ne riƙe sunan.

Mamaci ya tafi, ba abin da zuwanmu ko ƙinmu zai ƙara masa wurin Allah. Wadda aka bari ita ce Raliya. Ta shiga takaba a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa. Daren farko da wunin Laraba ni da maƙwabciyarta 'yar Indonesiya ce kawai a kan tabarmar. Ta sa an gyara falo, an jera kujeru, an dafa shayi a babban flas saboda masu gaisuwa. Duk motsin da aka yi a matakala sai ta gyara mayafi. Shayin ya huce, aka sake ɗumamawa, ya sake hucewa. 'Yarku Fauziya, mai shekara tara, ta tambaye ni ko mutane ba su san gidan ba ne.

Da safiyar Alhamis Raliya ta ce in buɗe firij. Jarkoki uku ne a ciki, cike, kowacce da takarda manne da rubutun hannunka. Na farko: na farfesu. Na biyu: na masa. Na uku, ƙarama: na mai jego, babu sukari, kada a sa ƙanƙara. Su kake tacewa lokacin da ajali ya zo. Na sunan jikar injiniyan nan ne, wanda za a yi a ranar.

Na ce a zubar a masai. Wallahi haka na ce.

Raliya ta ce, "A'a, Anti. Ya yi musu alkawari. Kada a binne shi jiya a ce yau ya saɓa."

Na ɗauka na sa a mota ina kuka don haushi. Na isa gidan suna, mata sun cika falo, turare na tashi, ana ta guɗa a hankali. Na ajiye jarkokin a kicin, na zauna. Aka kawo farfesu, aka zuzzuba zoɓon a kofuna. Wata da ke gefena ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Kai, zoɓo dai sai Jalilu." Sai ta ji abin da ta faɗa.

Na ce, "Shi ne. Na ƙarshe ke nan, ku sha a hankali. Da ya gama tace shi ya mutu. Matarsa tana Umm Salal, kwana biyu ke nan tana ɗumama shayi."

Ban jira amsa ba, na ɗauki jakata. Ina tayar da mota mata uku suka fito suka ce in tsaya. Muka nufi Umm Salal. Da Raliya ta ga an shigo da sallama, ta miƙe za ta ɗauko kofuna, sai ta koma ta zauna ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata.

Ranar Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa. Matar injiniyan ce, ita kaɗai, riƙe da jarkokin nan uku an wanke su tas. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kawowa kawai ta yi. Da ni ce mai gidan, da na karɓa na rufe. Raliya ta ce, "Shigo, Hajiya, ai ba a gaisuwa a tsaye." Ta shiga. Ta kai la'asar.

Maza kuwa, har yau da nake rubutun nan, ban da biyar ɗin nan babu wanda ya taka gidan. Gidan bai tashi daga inda yake ba. Kun san hanya, kun sha aika direbobinku ɗaukar jarka.

Ya Allah, ga bawanKa Abdul-Jalil ya zo maKa. Ka san abin da hannunsa ya miƙa, Ka kuma san abin da bakinsa ya ƙi, da ƙofofin da ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi daga abin shan Aljanna wanda babu laifi a cikinsa. Ka ba Raliya haƙuri da mataimaka, Ka raya Fauziya a kan alheri, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa Hajiya Rahma da 'yan'uwansa a Funtuwa, waɗanda nake miƙa wa ta'aziyyata da ta maigidana. Mu kuma da muka rage, Ka yafe mana, kada Ka yi mana hisabi da mudun da muka auna masa.

Safiyyatu Ɗalhatu
Al Mirqab, Doha