Gogen Baba da Jitar Matattu

A watan da Baba ya rasu ne kamfaninmu na gadi ya ɗauke ni daga wani gidan haya a unguwar Nu'aija ya kai ni gidan adana kayan tarihi. Ban je jana'iza ba. Kafin labari ya iso ni a Doha an riga an kai shi makwancinsa. Na yi alwala, na yi masa addu'a, na sa kakina na shiga motar aiki. Na yi ta jiran kuka, bai zo ba.

Ɗakin da aka ba ni cike yake da kayan wasu tsofaffin mawaƙan Amurka, waɗanda aka ce su suka fara kiɗan da ake kira rok an rol. Aro aka kawo su. Akwai jita kala-kala, da fayafayan garmaho, da wata kwat mai ƙyalli da gumin mai ita ya bushe a hammata. Ba a wanke ta ba, kuma ba a ba kowa ita sadaka ba. Masu kayan kusan duk sun mutu. Aikina in hana taɓa gilashi, in kuma riƙa duba wata na'ura mai auna danshin ɗakin, don kada katakon jita ya tsage. Nakan duba ta, in koma wajen tsayuwata, in yi shakkar ko na duba da kyau, in sake komawa.

Baba makaɗin goge ne. A garinmu ba abin da ake ɗaga murya a faɗa ba ne. Ya daina fita wasa tun ina ƙarami, amma gogen na rataye a ɗakinsa, kuma in damina ta sa fatar ta saki, yakan ɗumama ta a bakin murhu, ya goga wa tsagiyar ƙaro, ya ɗan ja kaɗan, ya mayar.

Bayan an raba tufafinsa, ƙanina ya kira ni.

"Yaya, saura gogen. Kawu ya ce a fasa, kada ya zame wa Baba nauyi a kabari. Tsohon yaron Baba na kiɗa kuma ya zo har gida yana roƙo a ba shi. Kai ne babba, kai za ka yanke."

"Inna fa?"

"Inna ta ce a tambaye ka."

Na ce ya ba ni lokaci. In na bayar aka ci gaba da kaɗawa, ina tsoron alhakin ya riƙa bin Baba. In na ce a fasa, ina tsoron na lalata gadon da ba nawa ni kaɗai ba. Na tambayi malamin masallacin masaukinmu, ya ce a fasa. Na tambayi wani malami ta waya, ya ce akwai saɓani. Na yi istihara, na tashi kamar yadda na kwanta.

Abokin aikina ɗan Zangon Kumasi ne, ya iya karanta Turanci, kuma Alaramma yake kirana saboda yawan tambayata kan halal da haram. Wata safiya kafin a buɗe ƙofa ya ja ni gaban wani hoto: mutane sun tara fayafayai a fili sun cinna musu wuta.

"Alaramma, zo ka ga kawunka."

"Wane kawu?"

"Masu wa'azinsu ne. Sun ce kiɗan shaiɗan ne. Yanzu ga mu, ni da kai, mun ƙetare teku muna gadin abin da ya tsira. Har sanyi ake kunna masa, mu kuwa muna gumi a mota."

"Wannan ba hujja ba ce."

"Ni ban ce hujja ba ce, mutumina. Na ce dai ka bar fuskar nan, kana korar mana baƙi. Yalla, maza ka gwada abin kunnen can, jiya an ce ɗaya ba ya aiki."

Akwai abin sawa a kunne a jikin bango, wanda baƙi ke jin waƙoƙin da shi. Kullum abokin nawa nake bar wa gwajin. Ranar ya ƙi, ya ce ba shi kaɗai ake biya ba. Na yi a'uziyya na sa. Wani mawaƙi ne mai dusasshiyar murya. Ban gane ko kalma ɗaya ba, ban kuma ji daɗi ko akasinsa ba. Na lura dai in ya faɗi magana sai ya yi shiru, jitar ta amsa masa, sannan ya ci gaba. Haka Baba yake yi da gogensa. Na cire na ce yana aiki.

Duk da haka sai da na ƙara kwanaki ina juyawa. A ƙarshe na sami abin da na ga ba zai cuci kowa ba: kada a fasa, kada a bayar, a naɗe shi a zane a ajiye a ɗakin Inna har in zo hutu. Ranar Juma'a bayan masallaci na zauna a bakin teku a Corniche na kira ƙanina na gaya masa.



"Yaya, ai ka makara. Da aka yi sadakar arba'in Kawu ya ce shirunka amsa ce. Ya tsinke tsagiyar, ya zare sandar, ya ɓare fatar."

"Ya fasa ƙoƙon?"

"Zai fasa, Inna ta miƙa hannu ta ce a ba ta. Daddawa take ajiyewa a ciki."

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce ƙoƙon mai kyau ne, ba ya yoyo."

Na ce to. Na tambaye shi ko an yi ruwa, ya ce an yi. Na ce ya gaishe da Kawu.