Uwar Iri

Abin da idona ya fara sauka a kai, ranar da na dawo hutu daga lakwal, makarantar Nasara ta Dogon Dutsi, shi ne gorar iri ta kakata. Tana rataye inda take kullum, a ƙarƙashin bunun ɗakinta, amma bakinta a buɗe. Tun tasowata ban taɓa ganin gorar nan ba tare da toshiyar laka ba. Iska tana kaɗa ta, tana bugun bango, ƙarar kuwa ta fanko ce. Na tsaya da ƙunshin kayana a ka, ko sallama ban yi ba.

Bari in gaya maka matsayin gorar nan a gidanmu. Bayan ɗakin kaka akwai 'yar garka kewaye da darnin kara. A ciki take shuka sure, wato yakuwa, da lalo da tanka mai yaji da gauta, kabewa ta hau darni ta haye rufin ɗaki, ɗoɗɗoya kuma tana gefe saboda ciwon ciki. Sai guro, wato kuɓewa, irin namu mai jan kara da gajerun 'ya'ya masu kauri. Gero na maza ne, yana can gona, kuma a zamanin wani kaso nasa rumbun tsimi na Nasara yake shiga, ba a buɗewa sai kumandan ya ce. Garka ta mata ce. Daga shuka zuwa fitowar sabon gero, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ganyen garka ne yake riƙe gida.

Kowace shekara kaka takan bar 'ya'yan da suka fi kyau su bushe a jikin uwarsu. Ta ɓare, ta cuɗa da toka don kada ƙwari su ci, ta raba biyu. Rabi na shuka ne. Rabin kuma ta zuba a gora ta toshe da laka, shi take kira uwar iri. Kuma irin miya yana da ƙa'ida. Ba a sayensa, ba a ɗaukarsa a ɓoye, domin in ji ta wanda aka sata fushi yake yi a cikin ƙasa. Roƙonsa ake yi da baki, mace ga mace. Ba a kuma aika shi gidan da bai roƙa ba, wannan zagi ne.

Kaka ce ta fara ganina. Tana zaune a bakin ƙofa, wuyanta ya yi tsawo.

"A'a, Madam ta iso. Mi kinka kawo muna daga gidan Nasara? Takarda? To ba uwarki ta dahwa muna."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba, tari ya tare ta.

Inna ce ta ba ni labari tana tsame 'ya'yan anza, abincin daji na lokacin yunwa, daga ruwan da aka jiƙa su. Ruwan farko ya zo da wuri kuma da ƙarfi, kaka ta shuka, komai ya tsiro, sai sama ta rufe. Aka yi ta kallo har ganye ya ƙone. Da aka sake samun yayyafi ta fasa laka ta shuka wani abu daga uwar iri, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Baba ya tafi wajen Sakkwato neman hatsi, shiru. Abin da ya rage a gora inna ta juye, ta yi daddawar batso da irin sure, ta daka na kabewa da na guro ta zuba a miya. Kaka tana kallo, ba ta hana ba.

Dalilin yana goye a bayan inna. Ƙanwata ce, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Na bar ta tana rarrafe tana jan zanen mutane. Yanzu gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Na danna yatsana a ƙafarta kamar da wasa, ramin ya zauna bai ciko ba. Anza tana da ɗaci ko an kwana ana jiƙa ta, manya sukan rufe ido su haɗiye, ita kuwa sai ta turo da harshe.

Na leƙa garka. Ƙasa fara fat, sai tsiro ɗaya tak, guro mai jan kara. Kaka ta ɗauko randa ta girke kusa da shi don abin da yake tsatsowa daga gindinta ya sauka a saiwarsa. Duk mai wanke hannu a nan zai wanke. Ya yi 'ya'ya kaɗan, kaka ta ɗaura masa wani tsumma, alamar cewa na iri ne, kada a taɓa.

Na tuna garkar lakwal. Safe da yamma muna ja daga rijiya, muna zuba wa salati da karoti ruwa har ya kwanta, abin da ba ɗayanmu da yake ci, teburin mushe, wato malaminmu, da na kumandan yake tafiya. Ban faɗa wa kowa ba. Dama ni ba mai magana ba ce. Shekarata ta farko a lakwal mushe ya ɗauka bebiya aka kawo masa. Na sha bulala a kan amsar da na sani sarai, bakina ne kawai ya ƙi buɗuwa.

Wata safiya na ga tsumman a ƙasa. Kafin in juya ƙamshin miyar guro ya iso ni daga murhu. Inna tana zaune ta miƙe ƙafa, tana ɗiba da yatsa tana sa wa yarinyar a baki, ita kuwa tana haɗiyewa saboda santsi. Inna ba ta ɗaga kai ba. Kaka ta fito, ta dubi tsiron, ta sunkuya ta ɗauki tsumman, ta naɗe shi a hankali ta soke a zanenta.

"Ta sha?"

"Ta sha, inna," innata ta amsa mata.

"To."

Shi ke nan abin da aka ce. Tsiron bai sake fure ba, ya yi rawaya ya sunkuya.

Sai ruwa ya zo. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, da la'asar, har kwari ya cika. Washegari gari ya tashi da hayaniya, an buɗe rumbun tsimi an raba irin gero, maza sun fita da sungumi. Amma gero sai an yi watanni ana jiransa. Sure da lalo kuwa, kafin wata ya ƙare an fara tsinkar ganye. Ko ni na san ƙanwata ba za ta kai sabon gero da anza ba.

Na sami kaka a garka a durƙushe. Tana huda ƙasa da yatsa, rami bayan rami, a jere, da tazarar da ta saba. In ta kai ƙarshen layi sai ta dawo tana rufewa da tafin hannu. Ba abin da ta sa a ciki. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, ƙamshin da nake so fiye da komai.

Na san inda jan guro yake. Ranar da nake dawowa, da muka ratsa ƙauyen da yake gabas da namu, na hango jajayen kara ta saman wani darni kusa da rijiya. Gidan ƙanwar kaka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga hannun uwarsu suka gaji irin. Amma tun shekarar da Nasara ya ce kowane gari ya ba da yara lakwal ba sa magana. Mijin ƙanwar tata shi ne manzon sarki. Ya ɓoye jikarsa a rumbu, ya jawo gardi, dogarin kumandan, har ƙofar gidanmu ya nuna ni. Kaka ta rantse ba ta ƙara taka gidan, ta kuma hana inna zuwa.

Na matsa kusa da ita.

"Kaka, akwai jan guro gidan ƙanwarki. Da sure."

"Ba ni da ƙanwa."

Ta ci gaba da huda ƙasa. Can ta miƙe tana dafa gwiwa, ta je ƙarƙashin bunu ta kwance gorar, ta ajiye kusa da ƙafata. Ba ta dube ni ba.

"Gorar ga ta dame ni da ƙara. Ɗauke ta, ki kai ta inda kinka ga dama."

Na ɗauka na kama hanya. Yashi ya yi sanyi, jajayen ƙwarin damina sun fito suna tafiya a kai. Duk tsawon hanya ina maimaita abin da zan ce, in na kai tsakiya sai ya watse. Ina tunanin in ta kore ni. Ina tunanin in ita ma ta cinye nata. Na yi tunanin in zagaya ta bayan darni in tsinko busasshen ɗa ɗaya in gudu, sai na tuna wanda aka sata ba ya tsirowa.

Mijinta yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar sungumi. Rabona da ganinsa tun ranar da ya nuna ni da sanda. Ya dube ni, ya dubi gorar, ya mai da kai ga aikinsa. Na wuce ciki. A tsakar gida wata yarinya sa'ata tana daka dusa, ita ce wadda aka ɓoye a rumbu. Ita ma wuyanta ya yi tsawo.

Tsohuwar tana cikin garka tana cire ciyawa. Sai ka ce kaka ce aka rage wa shekaru, har yadda take dafa gwiwa in za ta miƙe. Ba ni ta kalla ba, gorar ta kalla. A wuyan gorar akwai wata tsaga da aka ɗinke da zare tun ba a haife ni ba, ta sa yatsa ta shafa ɗinkin.

"Gorar innarmu ce," in ji ta. "Ita ta aiko ki?"

Na ƙara riƙe gorar.

"An ce Nasara ya koya miki karatu, bai koya miki magana ba?"

Na sunkuyar da kai. Ina ganin tata gorar a rataye a bayanta, da toshiyar laka. Hannunta ya tafi wajenta, ya dawo. Ta matso kusa har ina jin warin ganyen sure a jikinta, ta rage murya.

"Hwaɗi, ɗiyata. Ba ni iya ba ki sai kin hwaɗi."

Yau iri a kasuwa yake, cikin 'yan takardu masu hoto, ka biya ka ɗauka, ba sai ka buɗe wa kowa cikinka ba. Jikokina ba su san ana roƙonsa ba, kuma ba na yi musu fatan su sani ta hanyar da na sani. Ƙanwata tana nan, ita ma da nata jikokin. A bayan ɗakina akwai jan guro, duk shekara nakan ɗaura wa mafi kyau tsumma. In ina ɗaurawa sai in ji harshena ya yi nauyi kamar na ranar nan, ina tsaye cikin garkar mutane, laka har idon sawu, na miƙa gora da hannu biyu.

"Kaka," na ce, "ƙasa ta jiƙa, gorarmu ba komi ciki. Don Allah ki sam muna iri."