Ganyen Baba Altine

Idan aka sallame sallar asuba a Tungar Kyauta, kowa yakan koma gida ya ɗan miƙe, ban da Baba Altine. Shi bayan masallaci yake zagayawa, ya tsaya gindin dogon yaro yana duban rassa kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. Sai ya karyo reshe mai ganye shar, ya ɗaure shi a kan wata doguwar gora, ya saɓa, ya gangara bakin hanya, daidai inda mata da yara ke tsallakawa zuwa rijiya. Nan yake yini. Tun tirela tana bayan gonakin albasa yake jin ta, ya miƙe, ya ɗaga gorar sama, ya tsaya har mai bokitin ƙarshe ta haye.

Ba wanda ya naɗa shi. Na tambayi mai gari, ya ce a zatonsa liman ne ya sa shi. Liman ya ce shi ya ɗauka aikin mai gari ne. Da na tambayi Baba Altine kansa, sai ya ce, "To, wa za shi tsaya?"

Garinmu ƙarami ne, gefen Danwarai. Gidaje suna gabas da hanya, rijiya tana yamma, kuma ita kaɗai gare mu. Hanyar a da ta jakuna ce da amalanke. Wata damina ruwa ya cinye kwalbatin babbar hanya, manyan motocin da ke kwasar albasa daga Aliero zuwa Jega suka karkato ta cikinmu. An gyara kwalbatin, amma direbobi sun riga sun gane tamu ta fi kusa. Daga nan sai masu shanu, masu siminti, har masu wucewa Maiyama. Katangu suka fara tsagewa. Uwa ba ta aiken 'yarta ɗibar ruwa sai ta biyo ta da ido.

Mun yi ƙoƙarinmu, ko da yake har yau ban iya faɗin abin da muke so ba. Mun tara ƙasa mun yi tudu a hanya, tayoyi da ruwan sama suka baje shi. Aka yi taro a ƙofar mai gari, aka ce a gitta itace a rufe hanyar. Sagir, wanda ya fi kowa gonar albasa a garin, shi ya fi kowa ɗaga murya. "Ko keke kada a bari shi wuce," in ji shi. Aka gitta. Da albasa ta nuna, sai aka wayi gari an ga Sagir da kansa yana janye itacen, yana yi wa wata gingimari nuni da hannu ta shigo.

Liman ya ce, "Sagir, ba kai ne kac ce a ruhe ba?"

"Ni motocin baƙi nic ce, Malam. Wagga albasata taz zo ɗauka."

Aka bar motar ta shigo, domin kusan kowa a wurin yana da albasa a rudu, inda ake adana ta, tana jiran mota, kuma albasa ba ta jira. Tun daga ranar, idan aka zauna, rabin gari na cewa a rufe, rabi na cewa a buɗe, kuma idan aka sake zama sai ka tarar mutanen sun yi musanyar wuri.

A cikin wannan ruɗani Baba Altine ya fito. Da ƙuruciyarsa ya yi karen mota, ya san al'adar direbobi: idan mota ta lalace a hanya, ana karyo ganye a jera a ƙasa tun daga nesa, duk wanda ya gani ya san akwai matsala a gaba, ya rage gudu. Sai ya shiga jera ganye kowace safiya kafin rijiya, ta nan da ta can, alhali babu motar da ta lalace. Dogon yaro yake sawa, saboda ɗacinsa bai cika jan dabbobi ba. Abin ya yi aiki. Muna zaune muna jin tirela na sassautawa tun daga nesa, ta wuce rijiya tana rarrafe, direba na leƙe yana neman abin da bai gani ba.

Asirin ya tonu ne ta hannun masu son taimako. Zazzaɓi ya kwantar da Baba Altine, maƙwabta suka ce kada aikin ya tsaya. Ba su tambaye shi ba. Suka ɗebo harawar wake, wadda take nan tare a kowane gida, suka zuba a hanya, tunda a wurinsu ganye ganye ne. Kafin hantsi awakin gari duka sun cika titi. Motoci suka tsaya cak, layi har bayan gari, direbobi suka sauko suna korar awaki suna neman motar da ta lalace. Wasunmu har sun fara murna, wai ba a taɓa tsayar da motoci haka ba. Amma direbobin sun duba gaba sun duba baya, ba su ga komai ba, kuma labari ya riga su isa tashar Jega.

Bayan ya warke, wani direba mai suna Mukhtar, ɗan Jega, ya tsaya kusa da shi ya leƙo ta taga.

"Baba, wai wagga mota taka da tal lalace, har yau ba a samu bakanike ba?"

"Ana nan ana gyara, ɗana. Kai dai tahi sannu."

Mukhtar ya yi dariya, ya tafi sannu. Sauran ba su yi ba. Suna ganin ganye sai su ce na tsohon nan ne, su taka shi su wuce.

Sai ranar da mota ta lalace da gaske. A kwanar da ke gaba da rijiya ta mutu, da rana tsaka, yaran motar suka jera ganye yadda aka saba. Wata tirela ta taho, direbanta ya ga ganye bai ɗaga ƙafa ba. Yana shan kwana ya ga mota a gabansa, ya murɗe sitiyari, ya faɗa cikin gidan Inna Adama, tsohuwar da ke zaune bakin hanya ita da jikokinta. Allah ya tsare rai. Amma katanga ta tafi, rumbunta ya tafi, geron shekararta ya cakuɗe da ƙasa da man mota.

Ina wurin lokacin da ta fito. Ba ta yi kuka ba, ba ta ko kalli direban ba. Baba Altine ta duba.

"Altine, ganyenka ya kada mini rumbu."

Ya ce, "Na gani, Adama." Ya durƙusa ya shiga tsince mata zangarniya ɗaya bayan ɗaya, har la'asar.

Na saurari mutane da yawa a kan wannan rana, kuma kullum sai in tashi da ruɗanin da ya fi wanda na zo da shi. Masu cewa laifin direba ne suna da gaskiya. Masu cewa ganyen ƙarya ne ya kashe na gaskiya, su ma ban iya ƙaryata su ba. Baba Altine bai kare kansa ba. Ya daina sa ganye. Motoci suka koma gudunsu, mata suka koma tsayuwa bakin hanya da bokitai, su sa ƙafa su janye. Waɗanda suka zarge shi jiya su ne suka je ƙofarsa.

"Baba, mi yas sa ka daina?"

"Ku kunka ce in bari."

"Mun ce, amma ba mu ce ka bari dut ba."

Washegari ya hau mota ya tafi tashar Jega, ya zauna cikin direbobin da yawancinsu sa'annin 'ya'yansa ne, ya bari suka gama yi masa ba'a, sannan ya roƙi Mukhtar ya ɗauko shi a gaban tirela su bi ta garinmu. Motocin zamaninsa ba su kai waɗannan tsawo ba. Da ya sauko, abin da ya faɗa mana kaɗan ne: "Daga can sama ba a ganin yaro. Kan mota ka ruhe shi. Rijiya ma sai an iso kanta."

Abin da suka yi alkawari da direbobin ke nan: ganyen ƙasa ya koma na motar da ta lalace, shi ba zai sake taɓa shi ba. Amma ganye a sama, a kan gora, daidai tagar direba, yana nufin akwai mutane a hanya. Bambancin shi ne, ganyen ƙasa kana zubawa ka koma gida. Na sama sai da mutum a ƙarƙashinsa, cikin rana, cikin ruwa, da azumi da salla. Ya ɗauki wannan bai yi shawara da kowa ba.

Baba Altine, kai ne ka yi kuskure a gaban gari, ba ka ɓuya a ɗaki ba. Kai ne ka cuɗa ƙasa da ƙafarka aka sake gina rumbun Adama, tana zaune ba ta ce maka sannu ba, ba ka kuma nemi ta ce ba. Kai ne direban da bai san ka ba ya zage ka ta taga, ka ce masa Allah ya kai shi lafiya. Shekarun nan da ka tsaya, ba a ɗauki gawar ɗan kowa daga wannan hanya ba. Mai ganye na bakin rijiya, ni da girma na koyi riƙon alƙalami, ban san yadda ake ƙawata magana ba, amma wannan na gani da idona.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi. Tun bayan salla a ƙofar gida yake zama, yana jin motoci daga nesa yana motsa hannu ba tare da ya sani ba. An yi taro don a sami wanda zai gaje shi. Aka fara da wannan, aka ɓuge da tsohuwar gardamar a rufe ko a buɗe, aka tashi ba a ambaci sunan kowa ba. Mukhtar ya ce mini tsofaffin direbobi har yanzu suna taka birki a rijiya don sabo, amma idan kakar albasa ta kama, sababbi za su cika hanya, waɗanda ba su taɓa ganin gorar ba.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwon nan, ya sa tsayuwarka ta tsaya maka ranar da kowa ke neman inuwa.

Mu kuma da ƙafafunmu ke lafiya, ba sai mun gama gardama ba kafin mu yi abin da ya yi. Wanda ke son a rufe hanya da wanda ke son a buɗe, duk daga rijiya ɗaya ake kawo musu ruwa. Idan mutum ɗaya ba zai iya yini ba, a raba, wani safe wani yamma, tun kafin a fara tonon albasa. Yau da hantsi na ga Inna Adama a bakin hanya da bokiti a ka, ƙaramar jikarta riƙe da gefen zanenta. Ta duba dama, ta duba hagu. Na daɗe a wurin, ba ta tsallaka ba.