Igiyar Tsoho mai ƙulli goma

Ranar Talatar nan kakana Malam Isufu ya cika shekara uku da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ni dai ban taɓa kiran sunansa ba, Tsoho nake ce masa. Shi kuma Rediyo yake ce mini, wai tun daga Maraɗi yake neman inda ake rage mini murya bai samu ba.

Kafinta ne. Ya tsufa yana rufin kwano kafin Baba ya ɗauko su shi da kakata Inna zuwa Greensboro ta Amurka. In muna cikin mota a titin Wendover, kowa na kallon kantuna, shi rufinsu yake kallo yana tsaki. Akwai ranar da na ƙirga masa tsaki ɗari biyu tsakanin danja da danja.

Ina da shekara goma sha biyu muka koma gidanmu na McLeansville. Tsoho ya zagaya gidan sau ɗaya, ya ce rufin nan shekara huɗu ta rage masa. Ya kwance igiyar shanyar Mama, ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa ya yi ƙulli, ya sake buɗewa ya yi wani, har goma. Ya ce sunan wannan awon gaba. Gwiwarsa ba ta son tsani, sai ya ɗaura ƙwallon tanis a bakin igiyar ya ce in jefa ta haye gidan. Jifan farko ya sami motar Baba. Na biyu ya kori kyanwar maƙwabta, ina jin har yau ba ta dawo jihar nan ba. Da ƙwallon ya tsallake, muka ja igiyar har ya taɓa bakin rufin baya, muka ƙirga: gaba shida. Tsawon rufin kuma gaba bakwai.

A nan ba kwano ake sawa ba, shingil ne, falle-fallen kwalta da yashi da ake jerawa kamar ɓawon kifi. Tsoho ya riga ya shimfiɗa bandir guda a kan ciyawa a gidan wani ɗan garinsu, ya ga yana rufe kusan gaba a tsaye, gaba a kwance. Shida sau bakwai, arba'in da biyu. Ya ce a kan kowane biyar a ƙara ɗaya, rabon wuƙa ne, don gefe sai an yanke. Hamsin ke nan. "Riƙe wannan, Rediyo," in ji shi, "ke ce ba kya iya yin shiru."

Bai kai shekara ba bayan nan ya rasu.

Wata biyu da suka wuce rufin ya cika alkawari, kuma daidai kan gadon Inna ya fara yoyo. Duk kwanon da ke gidanmu sai da ya yi kwanan ɗakinta. Baba ya ce gayya za a yi, 'yan masallaci su zo ranar Asabar a yaye tsohon rufi a sa sabo. Ya ɗauko takardar gida mai faɗin ɗakuna. Kawu Sani, ƙanen Mama da ke karatu a jami'a, ya buɗe kwamfuta ya nuna mana gidanmu daga sama. Suka buga lissafi, suka sami bandir talatin da huɗu. Mota ta kawo ranar Alhamis, mai kanti kuma ya ce launin ya kusa ƙarewa, mai son ƙari ya faɗa kafin azahar ɗin Juma'a ko ya jira mako biyu. Talabijin na cewa ruwa na tafe ranar Lahadi. Ta gaba za a fara rufawa, ɗakin Inna kuwa a baya yake.

Na ce, "Baba, ba za su isa ba. Tsoho ya ce hamsin."

"Rabi, ke da kika ciyo C a lissafi? Je ki yi homwok."

Inna ta ɗago daga carbinta. "Habu, bar ta ta jefa igiyar. Ni zan kwana a ƙarƙashin rufin, ba kwamfutar Sani ba."

Igiyar na nan a akwatin kayan aikin Tsoho, da ƙwallonta. Na so in ce jifa ɗaya na yi, amma Kawu zai karanta wannan, don haka huɗu ne. Gaba shida, kamar dā. Baba ya ɗora tef ɗin awo a kan igiyar ya ga ƙafa talatin da shida, alhali takarda ta ce faɗin gidan ashirin da takwas. Ya daɗe yana kallon sama. A gidan da ya tashi rufi kusan a kwance yake, faɗin ɗaki shi ne faɗin rufi. Ya manta na nan yana hawa yana gangarowa, ya kuma leƙo waje ya wuce bango. Sai ya buɗe wayarsa ya ce a ƙaro goma sha shida.

Ranar Asabar mazan suka zo, suka sha shayin da ya isa wanke mota, suka buga ƙusa har kunnena ya daina aiki. Kafin azahar ɗin Lahadi aka gama. Abin da ya rage bai kai rabin bandir ba. Da la'asar ruwa ya sauko. Inna ta zauna a bakin gado da kwano a cinya tana kallon silin, har ta gaji ta miƙo mini ta ce in mayar kicin.

Ina yawan tunanin abin da Tsoho zai ce da yana nan. Hoton sama zai burge shi, na sani, zai sa Kawu ya nuna masa rufin kowane gida a Maraɗi don ya ga wanda ya ɓata masa aiki. Baba kuwa zai sha tsaki har Sallah. Ni ba zai yabe ni ba, cewa zai yi layin shingil na uku ya karkace, kuma gaskiya ya ɗan karkace.

Tsoho bai bar mana gida ko mota ba. Igiyar tana rataye a garejinmu, gida biyu sun riga sun are ta, kuma ba na bayarwa sai an yarda ni zan jefa. Jiya na sauko da ita, na kama ƙulli ɗaya, na miƙa ɗaya hannun zuwa na gaba. Saura tafin hannu guda in kai shi. Inna ta ce in ƙara cin tuwo.